Yadda Yaron Nan Ya Zama Kaan

A garinmu uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari. Babu wanda ya zaunar da ni ya koya mini wannan. Na taso ne na ga Innarmu tana ce wa yayanmu "kai" ko "wancan", in baƙi suka shigo ta kau da kai daga gare shi kamar ɗan maƙwabta ne ya biyo su. Wannan ita ce kunya, da ita ake gane 'yar gidan mutunci. Kuma ba ta cutar da yaro, don gida cike yake da hannuwa. Kaka ta goya, gwaggo ta yi masa wasa, wata ta laƙaba masa sunan da kowa zai riƙa kira. Uwa ta yi shiru abinta, ana yi mata komai.

Ni a Manchester na haihu, a wani babban asibiti da ke Oxford Road, inda motocin bas ke bin juna kamar ba za su ƙare ba. Mijina karatu ya kawo shi, ni kuma na biyo shi da aji biyun sakandare da Turancin da bai wuce gaisuwa da sayen tumatir ba. Namiji na haifa. Ranar suna aka yanka rago a can gida, mu kuma muka ci shinkafa da abokansa huɗu a ɗakinmu. Sunan mahaifinsa ya sa wa yaron. Abin ya zame mini biyu ke nan: ga ɗan fari, ga sunan suruki. Shi mijina yana ce masa Alhaji, yadda ake kiran tsohon a gida. Ni ko wannan ba ya fita a bakina. "Yaron nan" nake cewa.

Akwai matar da ake turowa gida ta duba mai jego da jariri, health visitor suke ce mata. Tawa doguwa ce, mai fara'a, takan cire takalminta a bakin ƙofa ba tare da an ce ta cire ba. Ba ni da abin da zan zarge ta da shi. Zuwanta na farko ta tambaye ni sunan jariri. Na miƙa mata jan littafin da ake rubuta nauyinsa a ciki. Ta yi dariya, ta ce ta ga na littafi, daga bakina take so ta ji shi. Na kalli bango. Da ta tuɓe shi ta ɗora a sikeli ya tsala kuka, na tsaya na harɗe hannuwana, don ta girme ni kuma baƙuwa ce, ba zan yi rawar jiki a kan ɗan fari a gabanta ba. Ta dube ni, ta dubi yaron, ta rubuta wani abu.

Abin da ba ta gani ba shi ne bayan ta fita. Ina jin ta sauka daga bene nake sungumarsa, in cusa hancina a wuyansa, in yi ta shaƙa har ya yi barci. Nakan tashi daga wanki in je in sa yatsa a ƙasan hancinsa in tabbatar yana numfashi. Amma wannan babu mai rubuta shi.

Sun ce za a kawo tafinta. Aka ɗaga, aka sake ɗagawa, daga baya aka ce an rage masu wannan aikin, sai dai ta waya. Sau ɗaya aka haɗa ni da wani ta waya, namiji ne, ban san shi ba. Ya ce matar tana tambaya ko ina jin yaron a raina. Ta yaya zan amsa wa namiji baƙo wannan? Na ce masa lafiya lau. Duk abin da ya tambaya, lafiya lau. Ita kuma tana ta rubutu.

Wata 'yar Jos da ke aikin kula da tsofaffi, wadda muke haɗuwa a shagon kayan miya, ita ta fara faɗa mini gaskiya. Ta ce a ƙasar nan abin da aka rubuta a kanki ba ya gogewa, kuma idan council, wato hukumar gari, suka ga uwa ba ta damu da ɗanta ba suna iya ɗauke shi su ba wasu riƙo. Ta ce in riƙa rungumarsa a gabansu, in sumbace shi, in kira sunansa da ƙarfi. Daga ranar abinci ya daina shiga mini. Na gaya wa mijina. Ya ce ai ba zunubi ba ne, in faɗi sunan kawai, wa zai ji ni daga gida? Na ce to shi me ya sa yake cewa Alhaji? Ya ce wannan daban. Na shiga banɗaki na gwada a gaban madubi. Harafin farko yana fitowa sai in ga tsohon zaune a kan buzunsa a zaure, carbi a hannu, harshena ya yi nauyi kamar an ɗaure shi.

Yaron yana wata biyar malamin mijina ya koma wata jami'a a Birmingham, ya tafi da ɗalibansa. Na yi murna a ɓoye. Na ɗauka takarda za ta zauna a inda aka rubuta ta. Muka sami flat a hawa na huɗu a Balsall Heath, shi kuma kullum ya kama bas zuwa wajen Selly Oak, ba ya dawowa sai magariba. Sati uku da tarewarmu aka ƙwanƙwasa ƙofa. Wata mata ce daban, daga council, da fayil a hammata. Na hango rubutun doguwar matar nan a ciki, na gane shi da yadda yake kwanciya gefe ɗaya. Ta bar mana takarda: nan da sati shida mu kawo yaron gidan kula da yara na unguwa, za su zauna su ga yadda nake da shi, daga nan su yanke abin da za a yi.

Na'urar hawa benen ta lalace tun kafin mu zo, ba a gyara ba har muka tashi. A matakala na haɗu da maƙwabciyata, wata dattijuwa Baturkiya mai gajeren wuya da ɗankwali mai furanni. Ta same ni ina jan keken yaron mataki ɗaya ɗaya ina haki. Ta kama gaban keken. Da muka kai sama ta ja ni ɗakinta ta zuba mini shayi a wani ɗan kofin gilashi mai siririn ƙugu. Ta ce in riƙa ce mata teyze, wato 'yar'uwar uwa a yarensu. Turancinta bai fi nawa ba, da hannu muke ƙarasa rabin magana.

Ita ma ta tambayi sunansa. Na ciro jan littafin na nuna mata. Ta karanta, ta ɗago ta dube ni tsawon lokaci. Sai ta nuna zoben hannuna, ta shafa haɓarta alamar gemu, ta ɗaga hannu sama: uban miji? Na gyaɗa kai. Ta rufe bakinta da tafin hannu ta gyaɗa nata kan. Da guntun Turanci da alamu ta ba ni labarin ƙauyensu a kan duwatsu. Mahaifiyarta ta yi shekaru ba ta buɗe murya a gaban surukinta ba, sai raɗa. Ba ta taɓa ambatar sunansa ba, ba ta taɓa ɗaukar ɗanta a gabansa ba ko da yana kuka. Ta ce yanzu an bari, amma ita ta gani da idonta. Tun da na zo ƙasar nan ban yi kuka a gaban kowa ba sai ranar.

Na nuna mata takardar council. Ba ta iya karantawa sosai ba, amma ta san irin takardar. Ta ɗauki yaron ta ɗaga shi sama tana dubansa, ta ce, "Kaan."

Na tambaye ta mene ne. Ta ce suna ne, na maza. Ta ajiye shi ne tun tana amarya don ɗan da za ta haifa, Allah ya ba ta mata uku, duk sun yi aure sun watse. Ta kai ni taga ta nuna mini shagunan 'yan Pakistan da ke ƙasa, inda aka rubuta Khan a saman ƙofofi da yawa. Ta ce wannan ma daga wajensu ya fito, sarki ke nan. Ta sa hannu ɗaya daidai ƙirjinta ta ce Khan, ta ɗaga ɗayan sama da kanta ta ce Kaan. Tun zamanin da kakanninsu ke yawo da tantuna da dabbobi a wata shimfiɗaɗɗiyar ƙasa can gabas, kowace ƙabila da sarkinta, amma akwai guda ɗaya da dukkansu ke durƙusa wa. Shi ne wannan. Ta ce yanzu babu irin sarakunan, sunan ne ya rage, direban tasi ma yana sa wa ɗansa.

Ta miƙo mini shi ta ce in gwada. Na gwada. Ya fito ba wuya, kamar na ce ruwa. Babu fuskar kowa a bayansa, babu zaure, babu buzu. Ba wanda ya taɓa hana ni faɗinsa don ba wanda ya san da shi a garinmu. Na sake faɗa. Na yi ta faɗa har teyze ta fara dariya tana dafa cikinta.

Kwanakin da suka biyo su ne masu sauƙi a duk shekarar. Ina wanka ina kira, ina tuƙa tuwon semo ina kira. Teyze takan zauna a kujera ta haɗe rai, ta riƙe biro da bayan ambulan, ta zama matar council, ni kuma in ɗauke shi a gabanta in sumbace shi. Da farko kunya kamar ta kashe ni. In na yi sanyi-sanyi ta buga ƙafa ta ce a sake. Kafin sati uku, in na ce Kaan sai ya juyo da kansa duka, baki buɗe.

Mijina ya ji ne wata Asabar. Ya tambaya, na gaya masa. Bai yi faɗa ba, shi ba mai faɗa ba ne. Ya buɗe kwamfutarsa ya yi ta karatu, ya karanta mini wani wurin yana fassarawa. Asalin kalmar Kagan ce, da tafiya ta yi tafiya aka haɗiye tsakiyarta. Sarautar Turkawan da ce tun kafin Musulunci ya kai gare su, sarakunan Mongol ma sun yi amfani da ita, kuma masana ba su haɗu a kan inda ta fara fitowa ba. Ya tsaya a wani layi, ya sake karantawa a hankali: sarkin da ke kan sauran sarakuna. Ya rufe kwamfutar.

Ranar Juma'a ya tambayi wani malami a masallaci. Ya dawo ya ce malamin ya ce suna mai ma'anar sarkin sarakuna bai dace da bawa ba, na Allah ne shi kaɗai. Wani da ke wurin ya ce ai yanzu suna ne kawai, Musulmi da yawa na sa shi, amma malamin ya ce barinsa ya fi.

"Ki daina," in ji mijina. "Ga Khalifa, ga Walid, zaɓi ɗaya."

Na ce, "Malam, saura kwana goma mu kai shi. Wannan sunan ya sani."

"Zai koyi wani."

"In bai juyo ba fa a gabansu?"

Ya tashi ya fita. Na gwada Khalifa kwana biyu, yaron ko kallona bai yi ba. Na koma wa na teyze in mijina ya fita. Tsoro ya zama biyu, na council da na Allah. Bayan kowace salla ina istigfari, in na shafa kuma in juya in kira shi.

Gidan kula da yaran ashe rufe shi za a yi ƙarshen watan. Mun tarar an tattara kayan wasa a kwalaye an jera a bango, an cire hotuna, sai tabon gam a fenti. Ba a kunna abin ɗumama ɗaki ba, mata biyun da ke jiranmu ba su cire rigunan sanyinsu ba. Ɗaya ita ce mai fayil, ɗayar 'yar ƙarama ce mai mura, tana ta share hanci. Tafinta bai samu ba. Suka ce mijina zai iya fassara, amma kada ya amsa a madadina. Suka shimfiɗa tabarmar roba, suka ce in ajiye shi in yi wasa da shi yadda nake yi a gida.

A gaban teyze na saba. A gaban mijina ban taɓa ba. Na ajiye yaron, na ja baya na durƙusa. Ya rarrafa ya nufi kwalayen. Ina jin idanu shida a bayana. Na ce a raina Allah ka yafe mini, na kira.

"Kaan."

Ya tsaya, ya juyo, ya taho da sauri yana ƙyalƙyala dariya har yana zamewa. Na ɗauke shi na sumbace shi a kumatu, yadda aka koya mini. Mai mura ta yi murmushi. Ban kalli mijina ba, amma na ji ya gyara zama.

Mai fayil ta duba takardarta, ta juya shafi, ta dawo. Ta ce wannan ba shi ne sunan da ke rubuce ba. Mijina ya ce laƙabi ne. Ta ce babu laifi, yara da yawa na da shi. Sai ta sa yatsa a wani layi ta ce an rubuta tun daga Manchester, sau uku, cewa ba a taɓa jin uwar ta faɗi sunan ɗanta ba, kuma yanzu ga wani suna daban. Mijina ya fara bayani da Turancinsa mai kyau, ya yi maganar ɗan fari da suruki da al'ada. Ta saurara har ƙarshe, ta rubuta, ta ce ta fahimta. Ta ce amma a aikinta ta ga mazaje da yawa masu iya bayani, daga bakina take so ta ji. Ta juyo gare ni, ta yi magana a hankali yadda ban buƙaci fassara ba. Mene ne sunansa, na littafi?

Wata bas ta wuce a waje. Yaron yana jan bakin mayafina yana kaiwa baki. Na dubi mijina ko zai ce wani abu. Yana kallon takalminsa. Na zaɓi wani kwali da ƙafar 'yar tsana ta leƙo daga cikinsa, na kafa masa ido, na faɗi sunan surukina. Ya fito da ƙarfi fiye da yadda na yi niyya, gaba ɗayansa, a ɗakin da babu labule.

Yaron bai juyo ba. Bai san shi ba.

Matar ta ce na gode, ta yi alama a takarda. Abin bai kai minti ɗaya ba a wurinta. A bas ɗin komawa, da muka kusa sauka, mijina ya ce, yana kallon taga, ba laifina ba ne. Da ya yi faɗa da ya fi mini sauƙi. Daga ranar bai ƙara hana ni sunan teyze ba, bai kuma taɓa faɗinsa ba.

Wata biyu muka jira. Duk ƙwanƙwasa ƙofa sai in sungumi yaron in manna shi a ƙirji kafin in buɗe, ko da mai kawo wasiƙa ne. Takardar da ta zo layi huɗu ce: sun gamsu, sun rufe fayil. Na sa mijina ya karanta mini sau biyu. Na so in kai wa teyze ta gani, amma ta riga ta tashi. An fito da wani tsari na rage tallafin haya ga mai ɗakin da babu kowa a ciki, ita kuma ɗakin 'ya'yanta a rufe yake. Ta koma wurin babbar 'yarta a wani gari da ban iya faɗin sunansa ba. Ta bar mini kofuna biyu.

Yana shekara biyu da rabi muka je gida hutu, karo na farko. Aka taru a tsakar gidan surukaina, mata cike, tsohon yana zaune a kujera an kawo masa jikansa ya gani. Yaron ya tsorata da taron, ya zame daga hannun wata ya faɗi, ya fasa kuka. Ban san lokacin da na tashi ba. Na kira shi da ƙarfi, na ɗauke shi, na sumbace shi a fuska, a gaban kowa, a gaban tsohon. Jikina ya koyi cewa in ana kallo haka ake yi.

Maganar da ake yi ta tsaya. Wata ta ja mayafi ta rufe baki. Tsohon ya tambayi ɗansa me na kira yaron. Mijina ya ce wani suna ne na mutanen can, yana nufin sarki. Iya nan ya tsaya. Tsohon ya ce Allah ya raya, ya mai da idonsa kan carbinsa.

Surukata ta taso ta zo gabana. Mace ce mai kirki, ba ta ɗaga murya ba, ta ce yadda ni kaɗai zan ji, "Kawo shi, 'yar nan. Nan ba a haka."

Ta miƙo hannuwa. Na san gaskiyarta ce, na san kakarsa ce, na san babu inda za ta kai shi sai bakin murhu ta ba shi ƙosai. Na ce to. Amma hannuwana suka ƙi buɗewa. Sai da ta ɓamɓare yatsuna ɗaya bayan ɗaya, mutane suna kallo.